Yaron da ya tona mini asiri a Gwanzu

Yaya da sauran 'yan gida na Gujungu, ina gaisuwa. Kun matsa in ba ku labarin kayan Caina, to bari in fara da ranar da na sha kunya.

A watan Fabrairun 2022 Bejin ta karɓi gasar Olamfik ta lokacin sanyi, wasannin kan ƙanƙara. Irin wannan gasa takan zo da alamarta, sau da yawa dabba. Koriya ta yi farar damisa a 2018, su kuma nan suka ɗauko dabbarsu fanda, suka sa mata rigar ƙanƙara, suka raɗa mata Bing Dwen Dwen. Cikin zane sama da 5,800 aka zaɓe ta, kuma a wata makarantar zane ta nan Gwanzu aka zana ta, garin da ba kasafai ake ganin ko dusar ƙanƙara ba. Wallahi magidanta da furfurarsu suka riƙa kwana a layi a Bejin, cikin sanyin da hunturunmu bai kai jikansa ba, saboda 'yar tsana! Na yi dariya har da hawaye, kashegari kuma na tafi neman tawa.

Kantunan da aka ba izini duk ta ƙare. A wani lungu na samu, na taya, na yi ciniki irin na ɗan kasuwar Gujungu, na dawo ina taƙama. Ɗan mai gidan da nake haya, shekararsa takwas, ya karɓa ya juya ta, ya nemi wani ɗan tambari mai ƙyalli da ake liƙa wa ta gaske. Babu. Ya miƙo mini ya ce jabu ce, a gaban uwarsa da maƙwabta. Uwar ta kawar da kai don kar in ga dariyarta. Ni da nake tura wa mutane kaya gida! A wancan lokacin kotu ta ɗaure wani shekara guda kan sayar da irin tawa.

Abin ya tsaya mini a rai, Yaya. Fatar da majemanmu na Kano suka jeme tun zamanin ayarin raƙuma, Turawa fatar Maroko suke kiranta har gobe, mun yi shiru. Wanda ya saƙa tabarmar kaba ko ya ɗinka hula, sunansa ba ya ko'ina a jikinta. Ka ce wa mai kaya wannan jabu ne, ya ce ai duk ɗaya, ɗauka ka rage wani abu. A 2009 an buga wasu wasannin gasar ƙwallon duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a filin Sani Abacha. Wa ke da ko maɓallin tunawa a gidansa?

Amma su ma da nasu. Ba mai ce maka sannu da sanyi, ba gyara, ba bashi zuwa kasuwa mai zuwa. Na yi kewar fura da nono a bakin kara.

Jabun tana cikin akwatina, Ummi zan kawo wa. In an sami mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa.