Cikon bargo: auduga, faiba ko ulu, wanne ya dace da aikinka?

Bargon ɗinki hawa uku ne: yadin sama da aka harhaɗa da ƙyallaye, shafin ƙasa, sai ciko a tsakaninsu. Da an gama aiki ba mai sake ganin cikon, amma nauyin bargon da ɗuminsa da yadda zai fito daga wanki duk a kansa suke. Yawancin masu saye matsawa suke yi da hannu, wanda ya fi laushi da kauri shi ne nasu. Ba nan ake fara duba ba. Abin da za ka fara sani shi ne tazarar da za ka bari tsakanin layin ɗinki da ɗan'uwansa.

Dalili kuwa, ɗinkin ne ke riƙe cikon. In tazarar ta wuce abin da zai iya ɗauka, ruwan wanki zai yayyage shi, ya dunƙule a wani gefe, wani gefen ya zama yadi biyu kawai. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta iyakar tazarar a jikin leda. Auduga zalla galibi tana son ɗinki kowane inci 2 zuwa 4. Akwai kuma wadda aka caccake da allurai a masana'anta, aka haɗe ta da wata siririyar raga, irin Warm & Natural, wadda ke jure tazarar inci 10. Sai dai wannan ragar da ke sauƙaƙa wa mai keke, ita ke wahalar da mai ɗinkin hannu, don allura ba ta ratsa ta cikin daɗi.

Auduga ba ta da tudu, tana kwanciya lumui, tana kama yadi ba ta zamewa a ƙarƙashin keke, kuma iska na ratsa ta. A ƙasar da hunturu watanni kaɗan ne, sauran shekara zafi, ita ce mutum zai lulluɓa da ita bai farka cikin gumi ba. Aibinta biyu. Tana da nauyi, musamman in ta jiƙe, kuma takan daɗe ba ta bushe ba. Sannan tana tsukewa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko: bargo mai tsawon inci 108 zai iya rasa inci 3 zuwa 5, fuskarsa ta ɗan yamutse. Wasu wannan yamutsewar ce ma suke nema. In yadin sama fari ne, a sayi farar auduga da aka wanke tas, domin wadda ba a tace ba tana da ɗigo-ɗigon ɓawon iri da ke nunawa ta cikin yadi.

Faiba, wato zaren roba irin wanda ake cusa wa filo, ta fi kowa araha da sauƙin samu. Ba nauyi, ba ta tsukewa, nan da nan ta bushe. Amma tana riƙe zafi, kuma mai kaurin tana santsi, sai ka ga shafin ƙasa ya tattare alhali saman yana miƙe. Irin wannan ta fi dacewa da bargon da za a ɗaɗɗaure da ƙullin zare maimakon ɗinkin layi-layi. Babbar matsalar mai arha ita ce gashinta na huda yadi ya fito, kan baƙar shadda ko atamfa mai duhu sai ka ce furfura, kuma ba ya ciruwa, kana tsinka yana ƙara fitowa. A gwada tun a shago: a goga gefen cikon a jikin baƙin ƙyalle, in ya bar gashi da yawa a haƙura da shi. Dutsen guga mai zafi yana narkar da faiba, don haka ba ta shiga ƙyallen sauke tukunya; wannan aikin auduga ne.

Ga wanda bai taɓa yi ba, haɗin auduga kashi 80 da faiba kashi 20 shi ne mafi ƙarancin rigima. Ya ɗan fi auduga tudu da rashin nauyi, yana ɗinkuwa da hannu da keke. Samfurin Hobbs Heirloom irinsa ne, tazararsa inci 4.

Ulu, wato na gashin tumaki, ya fi su ɗumi ba tare da nauyi ba, allurar hannu na wucewa cikinsa sumul, kuma ba ya riƙe alamar ninki. Kuɗinsa ne matsala, ga ruwan zafi da cuɗa na sa shi ya cure, ga asu in an adana shi ba kula. Cikon da ake yi da zaren gora, wanda akan haɗa da auduga, yana da laushi ƙwarai, shi ma da tsada.

Audugar rimi fa? Ita aka daɗe ana cusa wa matashin kai da lifidin dawaki, amma sako-sako take, ba shimfiɗa ba ce, sai an ɗinka mata ɗaki-ɗaki, kuma ba ta son wanki. Soson katifa siriri kuwa a bar shi wa jaka, don yana marmashewa in ya tsufa.

Wajen awo, cikon ya fi yadin sama da inci 4 ta kowane gefe, saboda ɗinki na janye shi. A datse rarar bayan an gama. Wanda ke zuwa a leda yana da girma sananne: inci 45 da 60 na gadon jariri, 72 da 90 na gadon mutum ɗaya, 90 da 108 na babban gado. A warware shi a shimfiɗa ya kwana kafin a haɗa, ninkin ya saki. In guntaye za a haɗa, kada a ɗora ɗaya kan ɗaya, tudu zai fito; a daidaita bakunansu, a kara su, a bi da ɗinkin zigzag mai faɗi.

In cikon na kasuwa ne da ake yankowa daga nadi, ba leda ba rubutu, a sayi rabin yadi tukuna. A yanki inci 12 da 12, a sa shi tsakanin yadin da za a yi aikin da shi, a ɗinke da tazarar da aka yi niyya, a wanke yadda za a riƙa wanke bargon. In ya bushe a auna: inci 11 da rabi na nufin ya tsuke kusan kashi 4. A ɗaga shi ga hasken rana, in cikin ya rabe ko ya taru wuri guda, a rage tazarar ko a canza cikon.