TinyWall a kwamfutar gida: katangar tsaro ta kyauta da ba ta da surutu

Duk mai neman katangar tsaro ta kyauta, wato fayawol, manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfuta da intanet, ya fara sanin cewa kwamfutarsa mai Windows ta zo da guda ɗaya tun daga shago. Tun 2004, lokacin da Microsoft ya fitar da babban gyara na biyu na Windows XP, katangar Windows take zuwa a kunne. Ɓarnar da bayiros ɗin Blaster ya yi a 2003 da na Sasser a 2004 ce ta jawo hakan, domin su ba sa jiran ka danna komai, haɗa kwamfutar da intanet kaɗai ya ishe su shiga. Wajen tare mai ƙwanƙwaso ƙofa daga waje, katangar Windows ba ta da laifi. Ga shi kuma yawancinmu ta rauta ko MiFi ko wayar hannu muke shiga intanet, su ma suna hana baƙo daga waje isa ga kwamfutar kai tsaye.

Inda katangar Windows take da sakaci shi ne fita. Yadda aka saita ta, duk manhajar da ke cikin kwamfuta tana iya aika abin da ta ga dama, ta sauke abin da ta ga dama, ba mai tambayarta. Kamar maigadi ne da ke binciken duk mai shigowa, amma mai fita da buhu a kai sai ya ce masa a sauka lafiya. Ana iya rubuta mata dokokin fita da hannu ta wf.msc, wato shafin saitinta mai zurfi, sai dai aiki ne mai cin rai, ba na mai gida da ya dawo a gajiye ba.

Ni wannan ne ya dame ni, kuma ba tsoron masu kutse ne kan gaba ba, data ce. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafin megabait. Kwamfutar gidanmu ta kowa ce: yara na aikin makaranta, uwargida na lissafin kasuwancinta, ni ina rubutu. Sai a haɗa ta da waya don aika takarda ɗaya, kafin a ankara manhajoji barkatai sun farka suna sabunta kansu.

Na gwada sanannun biyu. ZoneAlarm tsohuwar hannu ce, kamfanin Check Point na Isra'ila ya mallake ta tun 2004. Comodo kuwa ta fi su kayan aiki, har da wani keɓaɓɓen wuri da take tsare manhajar da ba ta sani ba don kada ta taɓa sauran kwamfutar. Dukansu suna aikinsu, amma tsarinsu na tambaya ne: abu kaza yana neman fita, a bar shi ko a hana? Ga wanda ya san abin da yake yi, wannan daidai ne. A gida fa? Yaro ɗan firamare yana tsakiyar wasa, akwati ya faɗo da sunan svchost.exe, me kake tsammanin zai danna? Ko babba ma, in tambayar ta yi yawa, hannunsa ne zai riƙa amsawa, ba kansa ba.

Shi ya sa na tsaya a kan TinyWall. Wani ɗan ƙasar Hangare mai suna Károly Pados ne ya rubuta ta. Ƙarama ce ƙwarai, ba talla a cikinta, ba wani sashe da za a ce sai ka biya. Ba ta cusa nata direban, wato manhajar da ke aiki can cikin ƙuryar tsarin, cikin Windows, injin tace zirga-zirga da ke cikinsa take sarrafawa, don haka ban ji ta ƙara wa tsohuwar kwamfutarmu nauyi ba. Dabararta ita ce shiru. Da ka saka ta, kusan komai a rufe yake, sai abin da ka buɗe wa hanya da kanka. Ba akwatin tambaya ko ɗaya.

Buɗe hanyar ba wuya. Daga ɗan alamarta da ke kusa da agogo za ka iya zaɓo fayil ɗin manhajar, ko ka zaɓe ta cikin jerin masu aiki a lokacin, ko kuma hanyar da na fi so: ka ce za ka nuna taga, sai ka danna kan tagar birauzarka, shi ke nan ta samu izini. Na buɗe wa birauza, da manhajar riga-kafin bayiros, da ta taron bidiyo, sauran na bar su a kulle. Tana kuma karɓar kalmar sirri, wadda ke hana kowa sauya saitin. A gidan da akwai samari masu son sauke wasanni, wannan kaɗai ya isa dalili.

Shirun nan yana da nasa farashin, kuma gara a faɗa. Idan manhaja ta kasa shiga intanet, ba abin da zai sanar da kai cewa katanga ce ta tare ta. Za ta ce maka babu sadarwa, kai kuma ka kama zargin sabis. Sai ka saba da leƙa jerin haɗe-haɗen da ta hana kwanan nan, a nan za ka ga mai neman fita. Firintar da ke aiki ta Wi-Fi ma sai ka ba da izinin zirga-zirgar cikin gida kafin ta amsa. Wata manhajar kuma idan ta sabunta sai ta sauya mazaunin fayil ɗinta, izinin ya tashi, a sake daga farko. Akwai yanayin koyo, inda take barin komai ya wuce tana haddace shi. Yana rage wahala, amma kada a kunna shi sai an tabbata kwamfutar tsaf take, in ba haka ba har ɓarawon zai samu takardar izini.

Wanda shirun bai yi masa ba, ya duba Windows Firewall Control. Kamfanin riga-kafin bayiros na Malwarebytes ya saye ta a 2018, kuma kyauta ce. Ita katangar Windows ɗin take ba wa fuska mai sauƙi, tana kuma iya sanar da kai duk lokacin da aka tare wani abu. Guda ɗaya dai za a zaɓa. Haɗa irin waɗannan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya rigima ce, ranar da intanet ya ƙi ba za ka san wadda za ka tuhuma ba.

Sai batun abin da katanga ba ta yi. Ba ta ganin bayiros ɗin da ya shigo ta filashi daga shagon buga takardu, irin wanda ke ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi. Ba ta hana ka rubuta lambar katin banki a shafin bogi, tunda birauzar da ka ba izini ce ta kai ka can. Kuma kwaɗayin adana data kada ya sa a toshe sabuntawar Windows. Bayiros ɗin WannaCry da ya durƙusar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017 ya bi ta kafar da Microsoft ya riga ya toshe tun Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. TinyWall tana da keɓaɓɓen izini na sabuntawar Windows, a bar shi a kunne. Abin da nake yi shi ne na gaya wa Windows cewa haɗin wayata na awo ne, wato datarsa ƙididdigaggiya ce, sai ya rage manyan saukewa, na bari sai dare ko inda Wi-Fi yake a wadace. Mai Windows 10 kuma ya sani cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma babu katangar da za ta maye gurbin gyaran da ya daina zuwa.