Wata Goma Sha Huɗu da Ƙaramar Na'urar DVD Mai Rahusa

Dalilin da ya sa na sayi na'urar DVD a lokacin da kowa ya koma kallo a waya shi ne mahaifiyata, wadda take da akwati cike da faya-fayai kusan 70, yawancinsu na tafsirin azumi da wa'azi, sai na bukukuwan 'yan uwa, da tsofaffin fina-finan Hausa da aka saya tun zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai take cibiyar wannan ciniki a Kano. Tsohuwar na'urarta ta mutu, allon waya ya yi wa idonta ƙanƙanta, kuɗin data kuma ba ya barin mutum ya saurari tafsirin awa biyu kullum hankali kwance. Na shiga kasuwar Sabon Gari na ɗauko wata ƙarama ƙirar Sin, mai sunan da ban taɓa ji ba, wadda kuɗinta bai kai rabin na manyan kamfanoni ba. Mai shagon ya jona ta a gabana, ya sa faifai ya nuna, sannan ya ce, "Malam, gwajin nan da ka gani shi ne garantinka." Na yarda da hakan na biya.

Jikinta roba ne, ba ta da nauyi ko kaɗan, har idan aka danna maɓallin buɗewa da ɗan ƙarfi sai ta ja da baya a kan teburi. A bayanta akwai ramin HDMI da kuma ramukan nan uku na gargajiya, rawaya na hoto, ja da fari na sauti, saboda haka tana aiki da tsohuwar talabijin mai ƙeya kamar yadda take aiki da sabuwa. A gaba akwai wurin sa filash. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin janareto ko inbata na ɗaukarta tare da talabijin da fanka ba tare da wata damuwa ba.

Inda ta fi burge ni shi ne karatun faifai. Kamfanonin fina-finai sun raba duniya zuwa shiyyoyi, suna kulle faifai yadda ba zai yi aiki a wajen shiyyarsa ba: Amurka tana shiyya ta 1, Turai da Saudiyya suna ta 2, Najeriya da mafi yawan Afirka suna ta 5. Wannan na'ura ba ruwanta da kullen. Faifan da ƙanina ya aiko daga Amurka ya buɗe nan take, kuma ta juya tsarin hotonsa na NTSC zuwa PAL da talabijin ɗinmu suke amfani da shi, ba tare da hoton ya koma fari da baƙi ba. Faya-fayan biki da masu ɗaukar bidiyo suka buga a kwamfuta, da tsofaffin VCD, da faifan MP3 na karatun Alƙur'ani, duk ta karanta su. A cikin akwatin nan guda 6 ne kawai suka gagare ta, su ma da na ɗaga su a haske na ga ƙarzuwarsu ta wuce misali. Akwai wani faifan walima da tsohuwar na'urar take tsayawa cak a tsakiyarsa, wannan kuwa ta ɗan yi tsalle na daƙiƙa biyu ta wuce. A faifai mai hawa biyu, wato mai ɗaukar gigabait 8.5 maimakon 4.7, takan ɗan numfasa lokacin da take sauya hawa, amma wannan ɗabi'ar na'urorin DVD ce gaba ɗaya.

An rubuta 1080p, wato hoto mai ɗigo 1080 a tsaye, da manyan baƙaƙe a jikin kwalinta, kuma bai kamata mai saye ya ruɗu da wannan ba. Hoton DVD a tsarin PAL ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, na VCD kuwa 352 da 288, abin da na'urar take yi kawai shi ne shimfiɗa hoton ya cika allo. Faifai mai kyau yana fitowa tas ta HDMI a talabijin mai inci 32. Faifan da aka cusa wa fina-finai goma sha wani abu kuwa yana fitowa dishi-dishi, fuskokin mutane kamar an shafe su da hannu, laifin nan kuma na faifan ne.

Wurin sa filash shi ne ya ba ni kunya. Sauti na MP3 da hotuna suna buɗewa lafiya, haka ma bidiyo na tsarin AVI, amma yawancin bidiyon MP4 da ake turawa ta WhatsApp ko ake ɗauka da waya ba ta gane su, wani lokaci sauti ya fito allo ya yi baƙi. Filash ɗin ma sai an tsara shi a FAT32 kafin ta gan shi, tsarin da ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Wanda zai saye ta don kallon abin da ke wayarsa a babban allo, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Batun ƙarko shi ne ainihin abin da na jira wata 14 kafin in yi magana a kai. Sau uku ta je wurin mai gyara. Na farko a tsakiyar hunturu ne, lokacin da ta fara jujjuya faifai tana ƙara ƙasa-ƙasa, daga ƙarshe ta rubuta "No Disc" alhali faifan yana ciki. Mai gyaran ya kwance noti huɗu, ya nuna mini idon da ke karanta faifan, ɗan gilashi da bai fi ƙwayar dawa ba, ƙura ta yi masa lulluɓi. Ya goge shi da auduga da ɗigon sifirit, ta dawo daidai cikin minti biyar. Na biyu a wata na tara ne, da tiren faifan ya ƙi fitowa sai an ɗan buga saman na'urar, ashe siririyar robar da ke jan tiren ce ta saki. Na uku ya fi tsanani: an kawo wuta da ƙarfi cikin dare na'urar tana jone, da safe ko fitilarta ba ta kama ba. A allon wutarta kafasito ɗaya, wato ɗan ƙaramin abin da ke riƙe wuta, ya kumbura kamar an hura shi, aka canza shi. Duk gyaran uku bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sayenta ba, sai dai zirga-zirgar tana gajiyar da mutum.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da suke cin rai kullum. Rimot ɗinta sai an saita shi daidai fuskar na'urar kafin ya yi aiki, maɓallansa ƙanana ne kuma duk kamarsu ɗaya, a jikin na'urar kuwa babu maɓallin zaɓar babi, don haka ranar da rimot ya ɓace rabin amfaninta ya tafi. Na biyu, tana tuna inda aka tsaya idan an tsayar da ita da hannu, amma idan aka ɗauke wuta sai ta manta, a koma farkon faifai. Mahaifiyata ta fi kowa jin haushin wannan, domin sau da yawa sai ta kira ni ta ce, "Zo ka nemo mini inda malam ya tsaya."

A ganina ta ci kuɗinta ga wanda yake da tarin faya-fayai kuma yake da mai gyara kusa, muddin zai haɗa ta da sitabilaiza tun ranar farko, abin da ni ban yi ba sai da na ji a jikina. Yanzu tana zaune a cikin kabad ɗin talabijin an rufa mata ƙyalle, ana zare filoginta kowane dare, kuma tun daga gyaran ƙarshe wata uku ke nan ba ta sake tsayawa ba.