Shafin intanet na kasuwa: wanne ya dace da kai?

Dukawa da masu atamfa a Babbar Kasuwar Sakkwato sun fara neman shafin intanet, kuma da yawa na zaɓar wanda ya fi ƙyalli a kwamfutar mai haɗa shi. To, mai sayen kayanka da itel ko Tecno zai shiga, da tsakar rana, datarsa saura ƙiris.

Mafi sauƙi shi ne WhatsApp Business. Kyauta ne, yana da wurin jera kaya da hoto da farashi, kuma ba sai an koya wa kowa ba. Aibinsa, wanda bai san lambarka ba da wuya ya gano ka ta Google. Ga mai shago ɗaya, a ganina ya wadatar.

Wix da ire-irensa, kamfanonin haɗa shafin intanet, na ba ka tsari a shirye, amma da kuɗin waje ake lissafin biyan, duk sanda naira ta faɗi sai ka ji a jikinka.

WordPress, wanda ya fito tun 2003, manhajar haɗa shafi ce, kuma kyauta ce. Abin da za ka biya shi ne ma'ajiyar shafin da adireshi, misali mai ƙarewa da .com.ng, wanda ake saya da naira wurin dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su. Ana haɗa WordPress da Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi. Shi na fi so ga mai tura kaya Legas ko Abuja, sai dai a nan ake yawan ɓarna: a cika shafi da manyan hotuna masu motsi, ya yi ta juyawa bai buɗe ba, mai saye ya gaji ya fita.

Saboda haka kada ka cika kuɗin aiki sai ka gwada. Fita rana da wayar, ka ga ko rubutun yana karantuwa. Siririn rubutu mai launin toka ɓacewa yake yi a hasken Sakkwato. Duba ƙ da ɗ da ɓ, don wasu salon rubutun akwati suke nunawa a madadinsu. Sannan ka miƙa wa dattijon maƙwabcinka wayar ka ce, "Baba, don Allah nemo mini kuɗin jakar nan," ka yi shiru. In ya fara laluben inda zai danna, ko yatsansa na taɓa maɓalli biyu lokaci ɗaya, aikin bai ƙare ba.

Adireshin kuma a yi rajistarsa da sunanka, kalmar sirri tana hannunka, ba hannun wanda ya haɗa ba.