Ofishin takardun Kanada na Ƙofar Ƙaura

Ga ɗan Katsina da ke Kanada, izinin aikinsa na dab da ƙarewa, takardar zaman dindindin ba ta fito ba, wannan ofishi ya san aikinsa. Ta waya suke matsa wa mutum ya nemi izinin aiki na wucin gadi na BOWP, wanda ke riƙe mutum kafin a yanke hukunci kan zaman dindindin, da zarar wasiƙar da ke nuna an karɓi takardunsa na neman zaman dindindin ta iso. Gaskiyarsu ce, domin wanda ya nema kafin wa'adi ya cika zai ci gaba da aiki. Wanda ya makara kuwa, kwana 90 gare shi ya nemi a maido masa da izininsa, kuma aiki ya tsaya.

Sai dai ba sa gargaɗin cewa zuwa gida Sallah ana cikin jira, bayan tsohon izinin ya ƙare, yana katse damar aikin, wannan kuma babban giɓi ne. Kafin a biya kuɗin shawara, a nemi ganin lasisin CICC, wato hukumar Kanada da ke ba masu ba da shawara kan shige da fice lasisi.