Gargaɗi ga masu fatsa a Legas: akwai mai sayar da jabun ril da sanda, kar wanda ya sake tura masa kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda yake fatsa a bakin teku ko cikin lagun, ko yana da ɗan uwa mai yi, ya tsaya ya karanta wannan har ƙarshe. Na yi kwana uku ina juya maganar a raina kafin na rubuta, amma jiya wani yaro ya kira ni muryarsa na rawa, dubu 95 aka cinye masa, to shirun ya isa haka.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Neja na tashi, fatsa tun ina ɗan firamare nake yi da gora da zare. Yanzu shekara tara ina Legas, kuma duk Lahadin da Allah ya ba ni sarari nakan shiga jirgin ruwa daga CMS in tafi Tarkwa Bay in zauna kan duwatsun nan na bakin mashigar jiragen ruwa, wani lokaci kuma mu tafi wajen Badagry. Abin da na fara koya a nan shi ne ruwan gishiri ba ruwan kogi ba ne. A gida sai ka yi shekaru da ƙugiya ɗaya, a nan kuwa ka bar ta dare ɗaya ba ka ɗauraye ba, da safe ta yi ja. Wannan mutumin da nake magana a kansa ya san haka sarai, kuma da wannan tsoron na tsatsa yake kama mutane.

Ga yadda yake yi. Yana da shafi a Facebook da Instagram, sunan shafin yana canzawa, ni dai na ga sunaye uku cikin wata biyar amma hotunan duk iri ɗaya ne, ril, wato na'urar naɗe zaren fatsa da ake ɗaurawa a jikin sanda, a kan jan kyalle, kwali a gefe. Zai rubuta wai kayan Amurka ne kwantena ta sauka, Penn, Shimano, Daiwa, duk orijinal, duk na ruwan gishiri, ba sa tsatsa. Kana yi masa magana sai ya ce ku koma WhatsApp, idan ya ji kai Bahaushe ne nan take zai juya harshe, Hausarsa ras, ɗan uwa kaza, amana kaza, wallahi don kai ne na rage. Sai ya jefa ka cikin wani guruf da mutane ke ta turo godiya wai kaya sun iso lafiya. Daga baya muka lura lambobi huɗu ne kawai ke ta wannan godiyar, kuma rubutunsu kuskure iri ɗaya suke yi.

Ni ril ɗin Penn Battle III lamba 4000, wato lambar girmansa, na nema haɗe da sanda mai ƙafa 7, ya ce dubu 48 duka har kuɗin mota. Na ce masa Malam ina shagonka in zo in gani, ya ce ai kayan suna sito a Apapa ba a barin kowa shiga, sai dai webil. Na ce to in biya idan kaya sun iso, ya ce Alhaji an sha cutata a haka, ka tura rabi. Na tura rabi, bayan kwana biyu ya turo hoton kwali da sunana a jiki ya ce direba ba zai tashi ba sai an cika, na cika. Sunan da ke kan akawun ɗin ma ba shi ne sunan da ya gaya min ba, na tambaya ya ce na matarsa ne.

Kaya sun iso kam. Da ido ba za ka ce komai ba, baƙi da ruwan zinare, an rubuta Penn a jiki. Na fita da shi sau uku. Fita ta uku wani kifi ya ɗauka, ina zaton barakuda ne don yadda ya fizga, birkin ril ɗin, wanda ke sakin zare a hankali idan kifi ya ja, ya riƙe ƙam sannan ya saki gaba ɗaya sannan ya sake riƙewa, zare ya tsinke. Kafin sati ya zagayo hannun ya fara ƙara kamar an zuba yashi a ciki, alhali ni duk dawowa sai na ɗauraye. Na kai wa wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a Agege, mutum ne mai hannu, ya buɗe a gabana. Ya ce yaro zo ka gani. Jikin roba ne aka shafa wa fenti, boris biyu ne kacal a ciki duk sun yi jawur, sauran wuraren wasu zobban roba aka cusa, giris ɗin kuwa ɗan ɗigo ne har ya zama kamar laka. A kwali kuma an rubuta 13+1, wai yawan boris ɗin da ke ciki ke nan.

A nan nake so ku buɗe kunne, don wannan lambar ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Yawan boris ba shi ne kyan ril ba. Penn Battle III na gaskiya boris 5+1 ne da shi, na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa kuma a rufe suke. Daiwa BG 6+1 ne. Duk wanda ya nuna maka kwalin Battle an rubuta 12 ko 13 ko 14, ka san ba daga kamfanin ya fito ba. Na gaskiyan jikinsa ƙarfe ne, idan ka ɗauka za ka ji sanyi da nauyi a hannu, lamba 4000 yana kai wajen giram 350, kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai yana da wata 'yar roba a tsakiya da ke hana zaren kitso zamewa, da layuka da ke nuna maka yawan zaren da ya rage, faifan birkinsa kuma na kabon ne wanda suke kira HT-100. Nawa da aka buɗe, wani abu ne kamar kwali aka yanka aka sa a madadin faifan, shi ya sa yake kamawa yana saki.

Kuma kar wani ya ruɗe ku da cewa tunda an rubuta China to jabu ne, ko tunda an rubuta Japan to orijinal ne. Penn kamfanin Amurka ne, a Philadelphia aka kafa shi a 1932, amma Battle na gaskiya ma a China ake ƙera shi. Shimano na Japan ne amma da yawan nasu irin su Stradic a Malesiya ake yi, sai manyan irin su Stella ne ke fitowa daga Japan. To idan ka ga Stradic sabon yayi an manna masa tambarin Japan, ga araha, tsaya ka yi tunani. Mai jabu yana son rubuta Japan saboda ya san kunnenmu na so.

Kuɗin ma kansa shaida ne. Wannan ril ɗin shi kaɗai a can inda ake sayar da shi ya haura dala 100, ku lissafa da canjin yau, ku ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, sannan a ce har da sanda duk dubu 48? Wannan lissafin ya kamata kowa ya fara yi kafin ya buɗe manhajar bankinsa.

Sandar kuwa ita ta fi ba ni takaici. An rubuta Fuji, sunan sanannen kamfanin da ke ƙera su, a jikin zobban da zare ke bi ta ciki, amma sati biyu ƙafafunsu suka fara zubar da jan ruwa ta ƙarƙashin zaren da aka ɗaure su da shi. Zoben ƙarshe ya tsage ta ciki ban sani ba, shi ke ta cin min zare. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi: ka ɗauki audugar goge kunne ka zagaya cikin kowane zobe, idan ta maƙale ko ta bar gashi to akwai tsaga. Ka haɗa sandar ka duba ta tsawonta kamar mai saitin bindiga ka ga ko zobban suna kan layi ɗaya. Ka ɗaura ril ɗin ka matse ka girgiza, idan yana motsi a mazauninsa ka ajiye musu kayansu. Sandar kirki kuma tana ɗauke da rubutu kusa da mariƙi, tsawonta, ƙarfin zaren da take ɗauka da nauyin abin da za ka jefa. Don irin fatsar da muke yi a bakin ruwa ƙafa 7 zuwa 8 mai matsakaicin ƙarfi ta isa, da ril 3000 zuwa 5000, da zaren kitso mai ɗaukar nauyin fam 15 zuwa 30, sai ɗan guntun zare mai kauri a gaba saboda duwatsu da haƙorin kifi. Ba ka buƙatar ƙaton abin da zai ce maka wai na kama kifin da ya kai mutum ne.

Da na koma masa da hotuna, ka san me ya ce? Wai ni ne ban iya kula da kaya ba, wai na tsoma shi a teku. Wannan ita ce amsar da yake ba kowa, kuma tana tasiri a kan sabbin shiga don suna ganin ƙila laifinsu ne. To bari in faɗi yadda ake kula da ril don kowa ya san inda laifinsa ya tsaya. Ka dawo, ka ɗaure birki, ka yayyafa ruwan famfo a hankali, ba da tiyo mai ƙarfi ba don yana tura gishiri ciki, kar kuma ka tsoma shi cikin bokiti. Ka goge da tsumma, ka bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Ɗigon mai a ɗan garen da zare ke bi da kuma mariƙin hannu, giris a giya lokaci lokaci, kar ka fesa WD-40 a ciki don yana wanke giris. Kar ka ajiye shi a yashi ko na minti ɗaya. Sanda ma a ɗauraye ta, musamman ƙafafun zobba. Da rani ka ƙara kula don lokacin lagun ɗin ya fi gishiri, da damina ruwan sama yana sirka shi. Wanda ya yi duk wannan, ril na gaskiya zai yi masa shekaru. Ni na yi duka, nawa bai kai sati huɗu ba. Ina gama tura masa wannan bayanin ya yi bulokin ɗina, ya cire ni daga guruf.

Ni ma ashe da sauƙi, an turo min wani abu. Yaron da ya kira ni jiya ɗan gadi ne a Lekki, wata huɗu yana tara kuɗi don yana so ya riƙa kama na miya yana ɗan sayarwa. Shimano aka ce za a ba shi, ya tura dubu 70, sai aka ce kwastan sun riƙe kaya ya ƙara dubu 15 za a mayar masa, ya ƙara, sai aka ce motar direba ta lalace a hanya ya ƙara dubu 10. Daga nan waya a kashe. Ko kwali bai gani ba. Yanzu mu shida ne muka san juna da abin ya shafa, har da wani a Fatakwal.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kar ya tsaya jiran alkawari. Ya je bankinsa yau ɗin nan ya shigar da ƙorafi a rubuce, don saurin kai rahoto shi ke sa wani lokaci a iya riƙe akawun ɗin kafin a kwashe. Ya ajiye rasit, lambar akawun, hirarsu duka da saƙon murya, kar ya goge komai don haushi. A kai wa 'yan sanda, suna da sashen laifukan intanet, akwai EFCC, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya FCCPC. A yi rifot ɗin shafin. Mu shidan nan mun haɗa takardunmu wuri ɗaya za mu kai tare ranar Litinin in sha Allah.

Ban sa sunansa ko lambarsa a nan ba saboda sunan aro ne, kuma akawun ɗin yana iya zama na wani bawan Allah da aka yi amfani da shi bai sani ba, ba na so in ɗauki alhakin kowa. Amma alamominsa ga su nan: jan kyalle a hoto, sito a Apapa da ba a shiga, sunan akawun daban da nasa, 13+1 a kwali, da guruf mai yawan godiya. Idan kana son kaya ka je inda za ka riƙe ril a hannunka ka juya, ka ja zare ka ji birki yana saki sumul ba fizga, ka ga takardar zanen kayan cikinsa a kwali, ko ka tafi da wanda ya daɗe a harkar. Tsohon ril na gaskiya daga hannun wanda ka sani ma ya wadatar, nawa na yanzu haka na same shi wajen wani mai jirgi.

Duk wanda ya gane wannan mutumin daga bayanin nan kuma ya taɓa tura masa kuɗi, ya yi min magana ta inbos kafin Litinin mu sa takardunsa cikin namu. Dan Allah ku tura wa 'yan uwa na Agege, Idi Araba, Obalende da Mile 12, da masu zuwa Epe da Badagry.