Layi ɗaya, suna uku

Lambar da nake kira da ita yau, tun kamfanin yana amsa sunan Celtel na saye ta a nan Tawa. Lokacin in ka shiga kasuwa, ja da rawaya ne ko'ina: bangon butik, laimar mai saida kati, har rigar yaron da ke kankare maka lambobin kiredi da farce.

A 2005 wani kamfanin Kuwaiti ya saye Celtel daga hannun Mo Ibrahim, ɗan Sudan ɗin da ya kafa shi, amma ba mu ji a jikinmu ba sai 2008, da aka wayi gari suna ya koma Zain. Gaskiya launin Zain bai taɓa kwanta mini ba. Baƙi da shuɗi-shuɗi, ga ƙurar Adar, wata biyu bango ya koɗe. Sai dai a zamaninsa aka kawo Zap, aika kuɗi ta salula, abin da muka ɗauka wasa ne da farko. Shekara biyu kacal, a 2010 Bharti na Indiya ya karɓa, aka koma ja, aka ce Airtel.

Abin da ya sa ban sauya layi ba, ba fenti ba ne. Ina kai albasa Konni, wani lokaci in tsallaka Illela, kuma tun 2007 da suka haɗa rezon Nijar da na Najeriya, pus ɗaya ya ishe ni a ɓangarorin biyu. Na biyu, duk wannan sauye-sauyen ba a taɓa lambata ba. Pus ne kawai aka sake mini da ramin salula ya ƙanƙance. Dillalan da suka rubuta ni a takarda tun da daɗewa har yau suna samuna.

Kuma ba kamfanin layina kaɗai ya sauya suna ba. Orange ya koma Zamani bayan 'yan kasuwa sun saye shi a 2019, Telecel ya zama Moov, Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom.

Inna kam duk bai dame ta ba. Jiya ma ta miƙo mini jaka guda ta ce, "Ɗan nan, in ka fita ka sa mini Saltel, in kira ƙanwarka a Yamai."